Farcen Matar Kapiten

Dapaong, 6 ga Afrilu, 1993

Inna Sayyada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Baba Malam Nu'uman da duk mutanen gida. Yaya ƙafarki da ta kumbura a mota ranar da muka gudo daga Lome? Ni lafiya lau, zazzaɓi ya ɗan taɓa ni makon jiya amma ya sake ni. Tunda gidan waya bai da tabbas saboda yajin aikin nan, na ba Ɗantani direba takardar, wanda ke jigilar albasa tsakanin nan da Sokode.

Na kama ɗan shago a bakin babbar kasuwa, tsakanin wani mai goro da wata mai ɗinki. Da hoda da ruwan rezin ɗin haɗa farcen roba da kika raba mini lokacin da muka rufe shagon kwalliyarki nake aiki. Ba mai sa farcen roba a garin nan sai ni, don haka matan ma'aikata da na sojoji suna zuwa. Matan Zango, unguwarmu ta musulmi, kallo kawai suke yi saboda alwala. Har wani dattijo daga masallacinmu ya zo ya yi mini nasiha a kai, na ce masa ba ƴan'uwanmu musulmi nake sa wa ba.

Inna, abin da ya sa na rubuto shi ne farcen tashi yake yi. Mako ba ya cika sai gindin ya ɗago, daidai inda ya haɗu da fata, ya yi fari, har gashi yana maƙalewa a ciki. Kin san ban daɗe a hannunki ba aka watse, gogewa da fenti na fi yi. Wata malamar makaranta ta dawo tana faɗa, na rasa abin cewa, na ce ai wanki ne ya yi mata yawa. Ta tafi ba ta sake dawowa ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Akwai wata Madam Piyalo, matar wani kapiten. Da mota take zuwa, sojan da ke tuƙa ta ya tsaya a bakin shago da bindiga har mu gama. Ranar farko ta tambaye ni inda na koya, na ce Lome. Ta ce iyayena fa, na ce asalinmu Sokode. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Mutanen Sokode, ku ne ba ku gajiya da ƙona taya." Na yi dariyar dole. Jiya ta aiko sojan ya ce mini farce biyu sun tashi, kuma tana so a gyara kafin Paska, bikinsu na Kirista.

Mai ɗinki ta ce in ɗiga gam a ƙarƙashi in danne kawai. Don Allah ki gaya mini abin yi, kuma ki gaya mini abin da ake ce wa mutum idan ya dawo da fushi. Duk lokacin da na ji mota ta tsaya sai na leƙa in ga ko ita ce.

Ƴarki,
Zulfa

*

Sokode, 10 ga Afrilu, 1993

Zulfa ƴata,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da kika warware. Kumburin ƙafata ya sauka, sai idan na daɗe tsaye. Malam yana gaishe ki, yana nan yana fama da yaran allo da tarinsa na kullum. Ni da mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, kakanmu ɗaya, amma tun da kika zauna a hannuna ban ɗauke ki ƴar nesa ba, don haka ki saurara da kyau.

Farce ba ya tashi haka kawai. Yawanci tun kafin a ɗora rezin aka yi kuskuren. Akwai wata siririyar fata da ke kwance a kan gindin farce, ba a ganinta sai an lura. Ki tura ta baya ki kankare ta sarai. Ki goge sheƙin farcen a hankali, ki kakkaɓe ƙurar. Matan arewa ba su rabuwa da man kaɗe, ke ma haka, to ku wanke hannu da sabulu ku duka biyu, ki share farcen da alkol, wato sifirit, kada ki sake taɓa shi da yatsa. Wajen ɗorawa kada buroshi ya jiƙe da yawa, kuma ki bar ɗan tsakani kamar silin gashi tsakanin rezin da fata. In ya hau fata, to ya riga ya fara tashi.

Maganar gam, kada ki kuskura. In farce ya ɗago, ruwa ya riga ya shiga. Kika manne shi, kin rufe ruwan a ciki, sai wurin ya yi kore. Ki jiƙa a disolban, ruwan nan mai narkar da rezin, ki cire, ki sake sabo.

In mace ta zo da fushi, ki ba ta kujera, ki kama hannunta ki duba kafin ki buɗe baki. Ki bar ta ta gama faɗanta. Kada ki fara da cewa laifinta ne, ko da laifin nata ne. Ki faɗi abin da kika gani da abin da za ki yi, ki gyara ba tare da kin karɓi komai ba.

Ita matar sojan, kada ki shiga maganar siyasa da ita ko da ita ta fara. Tun harin da aka kai barikin Lome watan jiya kowa a tsorace yake, su kansu sojojin ba su yarda da juna ba. Nan ma samari sun tare hanyar kasuwa shekaranjiya, aka kore su da duka. Ki rufe shago da wuri.

Innarki,
Sayyada

*

Dapaong, 18 ga Afrilu, 1993

Inna,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi a tasha. Ban ga Ɗantani ba tun da ya tafi da takardata, ban kuma samu amsarki ba, shi ya sa zan ba wani direban daban.

Na jira har jajibirin Paska, da ban ji daga gare ki ba na bi maganar mai ɗinki, na manne wa Madam Piyalo da gam. Yau bayan sun taso daga coci ta zo shago. Ba ta zauna ba. Ta miƙo mini hannu, Inna, ƙarƙashin farcen yatsan zobe ya yi kore, har da duhu-duhu. Ta ce tun jiya take jin jiri. Ta ce a gaban mutane, "Guba kika sa mini. Wa ya aiko ki daga Sokode?" Sojan ya shigo har cikin shago ya ɗaga kwalaben yana shinshinawa. Mai ɗinki ta ja ƙofarta ta rufe.

Ta ce ba za ta ƙara taka kasuwa ba. Gobe da safe soja zai zo ya tafi da ni bariki, in yi bayani a can.

Na yi tunanin in tsallaka Burkina, amma in na gudu na tabbatar da maganarta ke nan, kuma su Madina da ke ba ni masauki su za a kama. Ku yi mini addu'a. Ki ce da Baba Malam ya sa ni a addu'a.

Zulfa

*

Sokode, 26 ga Afrilu, 1993

Zulfa,

Ban san ko wannan takarda za ta same ki ba, ko hannun wa za ta faɗa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya kai gidan Madina a Zangon Dapaong. Lafiyarmu ba abin faɗa ba ne, ba na ci ba na barci.

Takardarki ta iso ranar Talata. Na karanta wa Malam, da na zo inda kika ce soja zai tafi da ke bariki sai ya ce in sake karantawa. Ya tashi ya sallami yara. Washegari da asuba ya sa farar rigarsa, ya karɓi takardar taki ya sa a aljihu, ya ce zai je ya tsaya miki, ko ba su ji kunyar komai ba za su ji kunyar furfura. Na ce ya jira mu ƙara jin labari. Ya ce yarinyar da aka kai bariki ba a jira da ita.

Tun ranar shiru. Ba ke, ba shi. Direban da ya kai shi ya ce ya sauke shi a tashar Dapaong da la'asar lafiya lau. Kullum ina tasha ina tambayar masu saukowa daga arewa, har sun fara kauce mini. Maganin tarinsa ma a gida ya manta shi.

In kina raye, in kina da hannun rubutu, ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Sayyada

*

Dapaong, 28 ga Afrilu, 1993

Inna,

Ina raye, lafiyata ƙalau, ba wanda ya taɓa ni. Amma Inna, Baba Malam bai iso wurina ba. Sai yau da Madina ta miƙo mini takardarki na san ya zo garin nan.

Gidan Madam Piyalo a cikin bariki yake, ɓangaren gidajen manya. Na san haka lokacin da nake rubutu, tsoro ne ya sa ban faɗa ba, ban kuma yi tunanin yadda za ku karanta ba. Bari in gaya miki yadda aka yi, don ki gane inda nake zaton yake.

Ranar Litinin ɗin, ina zaune a shago ina jiran sojan, sai ga Ɗantani da takardarki ta farko. An tsare motarsa a shingen sojoji na garin Mango ne duk kwanakin nan. A cikin motar sojan na karanta ta. Da na zo wajen maganar kore sai na ji numfashina ya dawo kaɗan, na san aƙalla abin yana da suna.

Na tarar da ita a falo, labule a sake, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Ta ce, "To, ina ji." Na tuna maganarki, na ce ta ba ni hannun in duba. Na duba da kyau, sannan na ce, "Madam, ba guba ba ce. Farcen ya ɗago, ruwa ya shiga, ni kuma na rufe shi da gam. Kuskurena ne. Zan cire su duka, in share wurin, a bar shi ya sha iska. Koren zai riƙa fita yayin da farcen ke tsiro."

Ta dubi kwalbar disolban ta ce, "Wannan za ki sa mini kuma? Fara sa naki hannun."

Na zuba a kwano na tsoma yatsuna. Muka zauna haka, ita tana kallon fuskata, sojan yana bakin ƙofa. Da ta ga ban faɗi ba sai ta tsoma nata.

Ina cirewa na lura da abin da ban gani ba a shago. Bakin kowane farce a tattaune yake, fatar babban yatsa duk ta ɗaye ta yi ja. Cizo take yi, Inna, tana ɓanɓara da haƙori. Ita ce da kanta, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Tun kafin Paska aka kira kapiten Lome. Ko waya bai yi ba." Na ce Allah ya dawo da shi lafiya. Ta ce jirin ma wataƙila rashin barci ne. Ta ce in dawo Laraba in sake dubawa.

A wannan Larabar ce, ta makon jiya, Baba Malam ya iso. Sojan ya ɗauke ni da rana, sai kusan magariba na dawo. Mai goro ya ce mini wani dattijo mai farar riga ya zo nemana, ya gaya masa soja ya tafi da ni, dattijon ya tambayi hanyar bariki ya wuce. Na ɗauka mai nasihar nan ne na masallacinmu, har na yi tsaki. Yau na koma na tambayi mai goron kamanninsa, ya ce yana tari.

Na rubuto miki ranar Alhamis cewa komai ya lafa, na ba wani yaron mota, ashe ba ta iso ba.

Yanzu zan tafi barikin da ƙafata. Ba ni da wanda zan roƙa sai ita. In ba ki ji daga gare ni ba zuwa Lahadi, kada ki turo kowa. Ina roƙonki, kada kowa ya sake zuwa.

Zulfa

*

Dapaong, 2 ga Mayu, 1993

Inna,

Ki kwantar da hankalinki, Baba Malam ya fito. Yana gidan limamin Zango, ya ci abinci, ya yi barci. Jibi zai taho da Ɗantani.

Ranar da na je, masu gadin ƙofa suka ƙi bari na shiga, suka sa ni na tsuguna a rana. Sojan da ke tuƙa Madam ne ya gan ni ya shigar da ni. Na durƙusa a gabanta na gaya mata komai. Ta ce, "Kina zaton ina da wani iko? Ni da ban san inda mijina yake ba. Matan da ke gaishe ni da, yanzu in sun hango ni sai su shige gida." Na ce ban da kowa sai ita. Ta ce in tashi in tafi, ta ji.

Na tafi ban san ko za ta yi wani abu ba. Washegari ba labari. Ranar Juma'a sojan ya zo shago ya ce in shiga mota, bai faɗi dalili ba. Na yi shahada a zuciyata.

Ofishin wani soja mai muƙamin ajidan aka kai ni. Madam na zaune, ta ci ado kamar mai zuwa biki. A kan tebur ga takardata, wadda na rubuto miki a tasha. Ashe da Baba Malam ya je ƙofa yana tambayata, suka ga katin shaidarsa na Sokode, suka laluba aljihunsa. Wani soja mai jin Hausa ya karanta musu, suka tsinci guba, da bariki, da matar kapiten, da tsallaka Burkina. Shi ke nan suka ce an turo shi ne.

Ajidan ya tambaye ni ko ni na rubuta. Na ce ni ce. Ya ce wace guba. Kafin in amsa, Madam ta ɗora hannunta a kan teburin, ta nuna masa yatsan. Ta ce, "Ga gubar nan. Ruwan wanka ne. Ni na yi faɗan a kasuwa, ni na tsorata yarinyar, tsohon kuma mijin innarta ne. In akwai wanda za ka tsare, ni ce." Ya dubi yatsan, ya dube ta. Ya ce, "Madam, a halin da kike ciki, da kin zauna a gida." Ta ce, "Na zauna ya ishe ni."

Sai jiya suka sake shi. Ya fito ba hula, ba takalmi, rigar ta canza launi. Kunnensa na hagu a kumbure yake, in ana magana sai ya juyo da na dama. Da ya gan ni ya tsaya, ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe kina nan." Na kasa ɗaga kai. Bai ce komai a kan abin da aka yi masa ba, ni ma ban tambaya ba. Mun kai shi wajen wani nas ya wanke kunnen, ya ce a nuna wa likita a Sokode.

Yau na so in je in yi wa Madam godiya, sai sojan ya biyo ta kasuwa a ƙafa ya ce kada in je. An ce ta bar gidan, ta kwashe yara ta tafi ƙauyensu wajen garin Kara. Labarin kapiten har yanzu babu.

Ya kuma ce takalman Baba Malam da carbinsa suna wajen masu gadi, in zo in karɓa. Zan yi ƙoƙari in aiko da su.

Inna, ban san da wane ido zan dube ki ba. Ina tunanin rufe shagon.

Ƴarki,
Zulfa

*

Sokode, 9 ga Mayu, 1993

Zulfa ƴata,

Assalamu alaikum. Malam ya iso lafiya, mun gode Allah. Likita ya duba kunnen, ya ce kumburin zai sauka amma jin da wuya ya dawo. Tarin ya ƙaru, muna ba shi magani. Jiya ya kira yaran allo suka dawo. Yana biya musu kamar da, sai dai in mota ta tsaya a waje yakan yi shiru har ta wuce.

Na so in yi fushi da ke, na nema ban samu ba. Ni na karanta masa takardar, na kuma karanta da muryar da ta tashe shi tsaye. Kowannenmu tsoro ne ya yi masa jagora, har da ita matar. Ina sa ta a addu'a, ita da yaranta.

Maganar shago ba zan yanke miki ba. In kin ga zama ya gagara, ɗakinki na nan. In kuma za ki zauna, hannunki ya riga ya koyi abin da ya rage masa, sai dai ki daina bin kowa gida, mai so ta zo kasuwa. Ki gaishe da Madina da liman, ki ce mun gode.

Malam ya ce in ba shi biro, ga nasa:

Zulfa, ba ki da alhakina. Da ƙafata na je, kuma da za a sake, zan sake zuwa. Maganar takalmi da carbi, na bar musu. Kada ki je karɓa.

Nu'uman